Manhaja Ta Mayar da Shuɗiyar Rigar Kakanmu Ruwan Ƙasa: Yaya Ake Sa wa Tsohon Hoto Kala Daidai?

Tambaya: Wata 'yar'uwa daga Jidda ta rubuto cewa kakansu haifaffen Mai Wurno ne a Sudan, ya ƙetaro Makka yana saurayi, a nan ya zauna har Allah ya karɓi abinsa. Ya bar musu hotuna baƙi-da-fari kusan arba'in a cikin gwangwanin alawa. Ta ɗauki uku da waya ta sa a wata manhaja don ta ba su kala. Sai fuskar kaka ta fito fara kamar ba shi ba, babbar rigarsa da mahaifiyarta ta tabbatar shuɗiya ce ta koma ruwan ƙasa, tsagar da ke kumatun kakarsu mace kuma ta ɓace gaba ɗaya. Tana son sanin inda kuskuren yake, da yadda ake yin aikin.

Amsa: Allah ya jiƙan kaka, ya kai haske kabarinsa. Hajiya, kafin komai ki riƙe wannan: babu wata kala a ɓoye cikin hoton baƙi-da-fari da na'ura za ta tono ta fito da ita. Fim ɗin da aka ɗauki hoton da shi yawan haske kawai ya adana, daga baƙi zuwa fari. Jan zane da koren zane suna iya fitowa da ruwan toka iri ɗaya sak. Manhajar da kika yi amfani da ita an koyar da ita ne da ɗimbin hotuna masu kala da aka cire musu kalar, aka ce ta yi hasashen abin da aka cire. Inda amsar take guda, kamar sararin sama ko ganyen bishiya, takan dace. Inda abu zai iya zama kowace kala, kamar riga, sai ta tsaya a tsakiya don kada ta yi nisa da kuskure, kuma tsakiyar nan ita ce ruwan ƙasa ko wani shunayya mai dishi-dishi. Ga shi kuma hotunan da ta koya da su ba su cika da babbar riga da baƙar fata ba. Dalilin rigar ke nan, shi ne kuma rabin dalilin fuskar.

Sauran rabin ya fi ban takaici. Manhajoji da yawa na waya, irin su Remini, suna haɗa sa kala da abin da suke kira gyaran fuska. Wannan gyaran sake zana fuskar yake yi daga siffofin da na'urar ta saba gani: ta daidaita hanci, ta ƙara wa ido girma, ta goge fata ta yi sumul. Tsaga, bille, tabon salla a goshi, duk a wajenta karce ne da ya kamata a share. Tsagar kakarku shaida ce ta asalinta da gidan da ta fito, ta fi kalar zanenta daraja nesa ba kusa ba. Don haka duk inda kika ga maɓallin ƙawata fuska, ki kashe shi.

Akwai kuma wani abu game da tsohon fim da ke ruɗar mutum da na'ura baki ɗaya. Fim ɗin da aka fi amfani da shi a da ba ya jin jan haske sosai, shuɗi ya fi ji. Verichrome na kamfanin Kodak, alal misali, haka yake tun fitowarsa a 1931 har aka maye gurbinsa da Verichrome Pan a 1956. Masu hoton akwati na bakin kasuwa, waɗanda ke ɗaukar hoton fasfo a kan takarda su wanke nan take, nasu ya ma fi haka. A irin wannan hoton jar dara takan fito baƙa, lallen hannu ya fito baƙi, fatar mutum ta fi yadda take duhu, shuɗin zane kuwa ya fi yadda ido ke ganinsa haske. Idan kin ga hular kaka baƙa ƙirin a hoton wajejen 1950, kada ki yanke hukunci, mai yiwuwa ja ce.

To, aikin daga sikanin yake farawa, wato kwafar hoton zuwa kwamfuta da na'urar sikana, kuma nan ne yawancin mutane ke yin asara tun kafin su taɓa kala. Ki wanke hannu ki bushe shi sarai, ki riƙe hoton ta gefe. Ƙura kawai za ki kaɗe da burushi mai laushi. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da man goge gilashi, domin saman hoton wani siririn danƙo ne da ke kumbura idan ya ji laima, ya kwaɓe ya tafi da hoton. Laimar Jidda kan sa hotuna su manne da juna a gwangwani, ko su manne da gilashin firam. Wanda ya manne da gilashi kada ki ɓamɓare shi, a yi sikaninsa ta bayan gilashin yadda yake.

Hoto mai girman santimita 10 da 15, a yi shi a ɗigo 600 a kowane inci, wato abin da sikana ke rubutawa 600 dpi. Zai ba ki ɗigo wajen 2400 da 3600. Ƙaramin hoton fasfo a kai shi 1200. Idan kin yi sa'a akwai nagatif a gwangwanin, shi ya fi hoton da aka wanke cikar bayani, a yi shi a 2400 zuwa 3200 a sikanar da ke da fitilar fim. A adana fayil ɗin a tsarin TIFF, domin tsarin JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Fayil ɗaya zai kai megabait 26, ko 52 idan an zaɓi zurfin kala na bit 48, kuma wannan nauyin daidai ne. Shagunan buga takardu sun saba yi a 200 ko 300 su ba ki PDF, sai kin faɗa musu abin da kike so da bakinki. Ki ce su kashe ƙarin kaifi na kai-tsaye, su kashe share ƙura na hasken infrared, domin azurfar da ke cikin hoton baƙi-da-fari tana tare wannan hasken, na'urar ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti ta dagula shi.

Ko da yake hoton baƙi-da-fari ne, a yi sikaninsa a matsayin mai kala. Ga hikimar: sikanin mai kala yana raba hoton gida uku, ja da kore da shuɗi. Tabon rawaya ko ruwan ƙasa, na tsufa ko na shayin da ya zube, a gidan shuɗi yake fitowa da duhu, a gidan ja kuwa da ƙyar ake ganinsa. Sai ki ɗauki gidan ja kaɗai ya zama hotonki, tabon ya ragu ba tare da kin goge komai ba. Idan takardar mai ƙurji-ƙurji ce kamar saƙar zuma, irin ta situdiyo, a yi sikanin sau biyu, na biyun a juya hoton kai ya koma ƙasa, a ɗora su kan juna rabi da rabi. Inuwar ƙurjin na ɗaya sai ta cike hasken na ɗayan.

In babu sikana sai waya, ki kashe filasha, ki shimfiɗa hoton kusa da taga inda rana ba ta dukansa kai-tsaye, wayar ta daidaita da shi kada ta karkata. Manhajar PhotoScan ta Google tana ɗauka daga kusurwa huɗu ta haɗa don kawar da ƙyalli. Kuma idan 'yan'uwa a Sinnar ko Gadarif, can Sudan, za su turo miki nasu ta WhatsApp, su turo a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi, ƙananan layukan fuska su narke.

Kada ki manta da bayan hoton. Tambarin situdiyo, sunan gari, kwanan wata, ko rubutun ajami da alƙalami, duk a yi musu sikanin. Shekara tana warware gardamar kala. In an rubuta 1380 ta Hijira, hoton na tsakanin 1960 ne da 1961. Idan tutar Sudan ta fito a hoton makaranta ko na ofis na wannan lokacin, shuɗi ce a sama, rawaya a tsakiya, kore a ƙasa, domin ita ƙasar ta yi amfani da ita daga samun 'yanci a 1956 har 1970, lokacin da aka kawo mai ja da fari da baƙi da koren kusurwa. Na'ura ba ta san wannan ba.

Bayan sikanin sai gyara, tun hoton yana baƙi-da-fari. Ki ajiye na asali a gefe kada a taɓa shi, ki yi aiki a kan kwafi. Cikin manhajojin gyaran hoto, Photoshop na kuɗi ne, GIMP da Krita kyauta ne, Photopea kuma a cikin burauza yake aiki ba sai an sauke ba. Ki faɗaɗa hoton zuwa kashi 100 ko 200, ki bi karce da ɗigon fumfuna da burushin gyaran tabo, girmansa ya ɗan ɗara tabon kaɗan. A fuska ki yi a hankali, duk layin da ya yi daidai da ɗan'uwansa a ɗaya kuncin tsaga ce, ki bar shi. Sannan ki daidaita haske da ma'aunin da ake kira Levels. Ma'aunin daga 0 yake, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Ki tsayar da mafi duhu wajen 10 zuwa 15, mafi haske wajen 240 zuwa 245. Dalili shi ne baƙi ƙirin da fari fat ba sa karɓar kala ko kaɗan, in kin matsa hasken har rigar ta ƙone, babu abin da zai zauna a kanta daga baya.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi kowane muhimmanci, kuma ba a gaban kwamfuta ake yinsa ba. Ki buga hotunan manya-manya a takarda, ki zauna da mahaifiyarki da duk wani dattijo da ya san mutanen, da biro a hannunki. Kada ki nuna musu wanda manhaja ta riga ta shafa wa kala, yakan gurɓata tunani, mutum ya ce ai kuwa haka take. Kuma kada ki tsaya a "wace kala ce". Ki tambayi sunan kayan. In an ce rigar saƙi ce, kin san shuɗi ne mai duhu da ƙananan farare a ciki. Tsamiya launin ƙasa-ƙasa ne mai haske. Barage da alharini ja ne mai ratsin shunayya. Rawani ɗan Kura kuwa rinin shuni ne da aka buga har yana ƙyalli, duhunsa ya kusa baƙi, inda haske ya doke shi yana walƙiya da shunayya kamar tagulla. Aikin aska a wuyan riga sau da yawa zarensa daban yake da jikin rigar, shi ma a tambaya. In kaka ya riga ya koma shigar Hijaz a hoton, a bambance farar gutura da shimagi mai ja da fari, zanen saƙar yana nunawa ko a baƙi-da-fari. Lafayar mata, wadda a Sudan ake ce wa tob, ita ce mafi wuya, domin babu kalar da ba a yi. Nan sai shaidar wadda ta gan ta da idonta, ko a buɗe tsohuwar adaka a duba ko tana nan. Sau da yawa rigar, ko hular, ko dardumar da ke hoton tana ajiye a gidan wata gwaggo. In an same ta, a ɗauke ta hoto a hasken rana, an gama gardama.

Wurin da aka ɗauki hoton ma yana da kalarsa. Duwatsun Makka tsirara suke, ruwan toka mai duhu da ruwan ƙasa, amma na'ura tana son ta shuka musu ciyawa. Kogin da ya bi ta gefen Mai Wurno sunansa Shuɗin Nilu, sai dai da damina, lokacin cikarsa, ruwansa jajaja yake da laka. Ƙasar yankin Jazira na Sudan baƙar laka ce mai tsagewa, ba jar ƙasa ba. Tagogin katako na tsohuwar Jidda wasu launin katako ne, wasu an shafa musu kore ko shuɗi. Rigar Ka'aba baƙa ce da rubutun zaren zinariya, haramin alhazai fari, kubbar Masallacin Annabi (SAW) koriya, waɗannan babu hasashe a cikinsu.

Da wannan takardar bayanin a hannu, manhaja mai sa kala da kanta tana da amfani, amma a matsayin share fage. DeOldify, wadda Jason Antic ya fitar a 2018, ita ce tushen sa kalar da MyHeritage, masu shafin binciken asalin zuri'a, suka fara a 2020, akwai kuma Palette.fm da matatar Colorize da ke cikin Photoshop. Dabarar ita ce kada ki karɓi hoton da suka ba ki a matsayin gamamme. Ki buɗe naki gyararren baƙi-da-farin, ki ɗora nasu a kansa a matsayin leya ta biyu, wato shimfiɗar hoto a kan hoto, ki ja shi girmansu ya zo ɗaya, ki sauya yanayin haɗin leyar zuwa Color, a GIMP kuma LCh Color. Da haka kalar kaɗai za ta fito daga na'urar, fuska da tsaga da saƙar zane duk daga sikaninki za su fito. Inda ta dace, kamar sama da bango, ki bari. Inda ta yi shirme ki goge, ki shafa da hannu. Abu ɗaya kafin ki ɗora hoto a kowane shafi: ya bar hannunki ya tafi na'urar wani kamfani. Hotunan iyaye mata musamman, a nemi yardar gida tukuna, in akwai mai ja, a yi aikin da GIMP a kan kwamfutar gida.

Shafawa da hannu ba ta da wuya, haƙuri take ci. Kowane abu da leyarsa: fata, riga, aikin riga, hula, bango, ƙasa. Kowace leya a sa ta a yanayin Color, a rubuta mata suna. Burushi mai laushin baki, gefensa ya narke da ɗigo ɗaya ko biyu. Ƙarfin leya a fara da kashi 40 zuwa 60, domin hannun sabon shiga kullum nauyi gare shi, sai hoto ya fito kamar fentin mota.

Fata ita ce jarrabawar. Hanya mafi aminci ita ce ki samo hoto mai kala na wani jinin kaka da dangi suka yarda launinsu ɗaya, ɗa ko jika, wanda aka ɗauka a hasken rana, ki tsinko kalar daga kumatunsa. In babu, ki fara da launi tsakanin digiri 18 da 28 a da'irar kala, kaurinsa, wato yawan kalar da ke cikinsa, kashi 30 zuwa 45. Ya wuce haka mutum ya koma ruwan lemo, ya gaza haka ya yi fari-fari kamar mara lafiya. Kala ɗaya ba ta isar fuska. Ki ƙara leya ta biyu mai ɗan ja, ƙarfinta kashi 10 zuwa 15, a kunne, kan hanci, kumatu da gaɓoɓin yatsu. Sannan ki kula da sheƙin goshi da doron hanci. A baƙar fata wannan sheƙin hasken sama ne ke dawowa, ba launin fatar ba ne, saboda haka a rage kalar a wurin, in a waje aka ɗauki hoton a sa masa ɗan shuɗi-shuɗi kaɗan. Wanda ya shafe shi da ruwan ƙasa ɗaya, fuskar takan fito kamar an gina ta da yumɓu. Tafin hannu ya fi bayansa haske da ja. Farin ido ba fari fat ba ne, ruwan madara ne mai ɗan duhu, haƙori ma haka, dattijon da ya saba da goro kuma a bar masa abinsa. Kada ki ƙara wa fatar haske don a ga fuskar sosai, nan ne kamanni ke gudu.

Farar jallabiya ma tana son kala, abin da mutane ke mantawa ke nan. Cikin lanƙwasarta akwai shuɗi mai rauni, balle ma a zamanin da ake sa wa fararen kaya bula. Gefenta na ƙasa yana ɗaukar ɗumin launin ƙasar da mutum ya tsaya a kai. Kashi 5 zuwa 10 ya isa. Rigar shuni kuwa kishiyar haka ce, duhunta ya yi yawa har kalar ba ta bayyana, sai a ɗan ɗaga hasken inuwarta kafin a shafa shuɗin.

Kurakuran da aka fi gani sanannu ne. Kalar fata ta malala kan wuyan riga saboda ba a faɗaɗa hoton an bi gefen ba. Hannu ɗaya ya fito da rai, ɗayan ruwan toka, an manta shi, ƙafa da kunne ma haka. Kowane abu ya yi kyau shi kaɗai amma sun ƙi haɗuwa, kamar an yanko su daga hotuna daban. Maganin wannan na ƙarshen shi ne leya guda a saman duka, mai ɗumi in hasken rana ne ko fitilar situdiyo, a kashi 5 zuwa 8, ta ɗaure su wuri ɗaya. Ki tashi ki bar shi zuwa gobe, ido yakan saba da kuskure bayan awa ɗaya. Hoton mutum ɗaya zai ci wa sabon hannu awa uku ko huɗu, na taron biki kwana biyu ma ba su yi yawa ba. Shi ya sa ba ma ba ki shawarar ki yi duka arba'in ɗin. Ki zaɓi biyar ko shida da kike da shaida a kan kalarsu. Sauran a gyara su a bar su baƙi-da-fari, babu abin da ya rage musu.

Wajen wankewa, ɗigo 300 a inci ake buƙata, don haka sikanin 2400 da 3600 zai ba ki hoto mai santimita 20 da 30 ba tare da ya fashe ba. Ki fitar da shi JPEG mai inganci 90 ko sama, a tsarin kala na sRGB. Ki fara wanke ƙarami na gwaji, domin takarda takan fi allon waya duhu, kuma a baƙar fata ake fara ganin bambancin. Ki ajiye fayil uku ga kowane hoto, na asali da gyararre da mai kala, a wuri biyu aƙalla, kwafi ɗaya a wani gidan daban.

Duk wanda aka sa wa kala a rubuta a jikinsa. MyHeritage suna sa wata 'yar alama a kusurwa saboda wannan dalilin, ke ma ki sa taki. Nan da shekara talatin jikokinki ba za su iya bambance abin da aka tabbatar da abin da aka ƙiyasta ba, sai an faɗa musu. Layi biyu sun isa: sunan mai hoton, gari, shekara, sannan "shuɗin rigar daga bakin 'yarsa ne, kalar bango hasashe ce". Na asalin kuma a fitar da su daga gwangwanin. Kada a yi musu laminetin, zafi da gam ɗin ba sa warwaruwa. Kowane ɗaya a aljihunsa na leda marar PVC, ko tsakanin takardu marasa asid, a kwali, a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki, nesa da kicin da banɗaki da ɗakin saman bene. In za ki yi rubutu a bayansu, da fensir mai laushi za ki yi, a gefe, hoton yana kife a kan tebur mai tauri don kada rubutun ya huda zuwa fuskar.